Yaren Sana'a na Masu Gyaran Piyano a Amurka

Yaren sana'a na masu gyaran piyano shi ne tarin kalmomin da ma'aikatan wannan fanni ke amfani da su a tsakaninsu. A Amurka, inda ƙungiyarsu ta Piano Technicians Guild ta kafu a 1957, yaren ya tattaro kalmomi daga harsuna da dama, kuma kowane harshe da ɓangaren da ya fi ƙarfi a ciki.

Sunayen sassan piyano galibi daga Turai suka zo. Kalmar "wippen", wani ɗan katako da ke miƙa motsi daga maɓalli zuwa gudumar da ke bugun tsirkiya, ta fito ne daga Jamusanci, inda take nufin lilo. Ba abin mamaki ba ne, domin Bajamushe ne, Heinrich Steinweg, ya kafa kamfanin ƙera piyano na Steinway a New York a 1853. "Agraffe" kuwa Faransanci ce, sunan ɗan ƙarfen da ke riƙe tsirkiya, wanda Bafaranshe mai ƙera piyano, Sébastien Érard, ya ƙirƙiro a 1808.

Sai kalmomin zolaya. Piyanon da ya lalace har gyaransa ɓata lokaci ne, ana ce masa PSO ("piano-shaped object"), wato abu mai kama da piyano kawai. Tsofaffin piyanon Ingila masu wayoyi jere a gaba kuma sun samu laƙabin "birdcage", kejin tsuntsu.

Yidish ta shigo ta wata ƙofar. Harshe ne na Yahudawan Gabashin Turai, tushensa Jamusanci da aron Ibrananci da harsunan Slav. Tsakanin 1880 da 1924 Yahudawa kimanin miliyan 2 suka yi ƙaura zuwa Amurka, da yawansu suka zauna a New York, kalmominsu suka shige bakin 'yan birni. Ba masu gyaran piyano kaɗai ke faɗinsu ba, sai dai sun dace da aikin ƙwarai. "Schmutz" ita ce dauɗar da ke taruwa ƙarƙashin maɓallai 88. "Schlep" jan kaya ne da wahala, kuma duk wanda ya hau bene da piyano mai nauyin kilo 480 ya san ta. "Schlock" kayan banza ne masu arha. "Kvetch" kuma mai yawan mita, kamar kwastoman da ba ya gamsuwa da sauti. A Yidish ainihin ma'anarta matsawa ko dannawa.