Fosfet a tankin murjani: taki ne, ba guba ba

Tun da wasu masu kiwon kifin ado a Zariya suka fara gwada tankin ruwan gishiri, kalmar fosfet ta shiga bakin kowa. Gansakuka ta rufe gilashi, a ce fosfet ne. Kifi ya ƙi cin abinci, a ce fosfet ne. Har ta kai ana ba juna shawarar a mayar da shi sifili, alhali wannan shawarar ita ke kashe murjani, halittar tekun da ake kiwo a irin wannan tankin.

Fosfet taki ne. Shi manomin Shika ke nema idan ya sayi buhun supa. Murjani kuwa dabba ne mai rai, akwai ƙananan tsirrai a jikinsa da ke ciyar da shi, su ma suna son takin nan. Idan babu ko ɗigo, sai murjanin ya koɗe. Idan ya yi yawa, gansakuka ta yi ƙarfi, shi kuma ginin ƙashinsa ya ja baya. Masu sana'ar sun fi tsayawa tsakanin 0.03 da 0.1 ppm (wato kashi cikin miliyan).

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rashin bambance fosfet da fosforas. Fosforas sinadari ne guda, harafin P ɗin da ke jikin buhun NPK. Fosfet kuwa fosforas ɗaya ne haɗe da oksijin huɗu, don haka ya ninka shi nauyi kusan sau uku. Kamfanin Hanna na da na'urar da ke auna fosforas a ma'aunin ppb (wato kashi cikin biliyan). Sai mutum ya ga 30, hankalinsa ya tashi. To a ninka 30 da 3.066, a raba da 1000: 0.09 ppm na fosfet ke nan. Tankin lafiyarsa lau, amma mai shi ya riga ya antaya magani.

Idan kuwa da gaske fosfet ɗin ya hau, a fara da ruwa. Rijiyar da ke kusa da gona kan iya ɗauko taki da damina, don haka kada a dama gishiri sai da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa. A rage abinci. Canjin ruwa kaɗai ba ya isa, domin duwatsu da yashin tanki sukan sha fosfet su adana, da an rage na ruwa sai su sako nasu. Shi ya sa aikin ke ɗaukar makonni.

Maganin da aka fi sani shi ne GFO, tsakin tsatsar ƙarfe mai kama fosfet. A wanke shi har jan ruwan ya ƙare, a fara da rabin abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ruwa ya riƙa ratsa shi a hankali kada ya niƙe. A dinga aunawa duk bayan kwana uku, domin faɗuwar gaggawa ta fi yawan fosfet ɗin cutar da murjani. Idan awon ya sake hawa, tsakin ya ƙoshi, a zuba sabo.