Rage gogayyar boris a ƙafar injin gwaji

Boris shi ne ƙarfen da ke shiga tsakanin sanda da ƙafar da ke juyawa a kanta. Wanda aka fi sani yana da zobe biyu, na ciki da na waje, da 'ya'yan ƙarfe masu gangarawa a tsakaninsu, da kejin da ke hana 'ya'yan gugar juna. A ƙaramin injin lantarki irin wanda ɗalibai da makanikai ke haɗawa da ƙafar keke da maganaɗisu da naɗin waya, ƙarfin da naɗin ke bayarwa kaɗan ne, don haka boris mai tauri kan iya cinye shi kafin ƙafar ta ɗauki gudu.

Tarihi

Wajajen shekarar 1500 Leonardo da Vinci ya zana irin wannan na'ura a takardunsa. Philip Vaughan, wani mai sana'ar ƙarfe a Carmarthen ta ƙasar Wales, ya yi rajistar boris na sandar keken doki a 1794. A 1869 Jules Suriray ya yi rajistar nasa a Paris, kuma keken da James Moore ya ci tseren Paris zuwa Rouen da shi a watan Nuwamba na shekarar yana ɗauke da shi. Cikas ɗin lokacin shi ne samun 'ya'yan ƙarfe masu girma ɗaya, har sai da Friedrich Fischer ya ƙera injin mulmula su a Jamus a 1883. Henry Timken ya fito da mai 'ya'ya dogaye masu tsukewa a kai ɗaya a Amurka a 1898, Sven Wingquist kuma ya ƙera mai daidaita kansa a Suwidin a 1907, shekarar da aka kafa kamfanin boris na SKF.

Zaɓe

Lambar da ke jikin boris ita ce ke faɗin girmansa. Ramin 608 milimita 8 ne, faɗinsa 22, kaurinsa 7. Ramin 6201 milimita 12 ne, na 6202 kuma 15, na 6203 shi ne 17, kuma irin waɗannan ana samunsu wajen masu kayan babur a Gusau da Birnin Kebbi. Ga nauyi iri ɗaya, gogayyar tana ƙaruwa ne daidai da girman ramin, saboda haka a ɗauki mafi ƙanƙanta da sandar za ta iya jurewa ba tare da ta lanƙwashe ba. Mai alamar 2RS yana da marfin roba da ke shafar zoben ciki, kuma a ƙafa marar nauyi wannan shafar ta fi ta 'ya'yan cin ƙarfi. Marfin ZZ na ƙarfe ne, ba ya taɓa zoben.

Wanki da mai

Giris ɗin kamfani an zuba shi ne don aikin shekaru, yana da kauri. A ɗaga marfin robar da bakin allura, a jiƙa boris ɗin cikin kananzir na minti 10 zuwa 15, a riƙa juya shi, a sauya kananzir har ya daina baƙi. Idan ya bushe sai a ɗiga man keken ɗinki ɗigo 1 ko 2. Wanda ya fi son giris kada ya cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na sararin ciki, domin idan ya yi yawa 'ya'yan za su yi ta tuƙa shi yana ɗaukar zafi.

Da hunturu, boris a buɗe ba ya daɗewa. Ƙura na manne wa mai ta zama kamar yashin wanke tukunya, sai a fara jin ƙaraf-ƙaraf a yatsa. Maganaɗisun da ke kusa kuma yana jawo garin ƙarfe. A mayar da marfi a ɓangaren da ke fuskantar waje, a rufe injin da ƙyalle idan an ajiye.

Ɗaurawa

Nan aka fi yin ɓarna. Idan za a shigar da boris kan sanda, zoben ciki ake turawa da guntun bututu. Idan cikin gidansa za a sa shi, wato ramin da ke riƙe shi, zoben waje ake turawa. Guduma da ta bi ta kan 'ya'yan takan bar ƙananan ramuka a hanyarsu, kuma wannan ba ya gyaruwa. Boris biyu dole su zauna kan layi ɗaya, da guntun bututu tsakanin zobbansu na ciki, in ba haka ba noti zai matse su. A cibiyar keke mai 'ya'ya a sake, a sassauta har a ji ɗan wasa ƙanƙani, sannan a kulle noti. Ƙafar da kullum wuri guda ke komawa ƙasa idan ta tsaya, a ƙara mata ɗan nauyi a ɗaya gefen.

Gwaji

A juya ƙafar da gudu iri ɗaya, a ƙirga daƙiƙoƙin da take yi kafin ta tsaya, sau 3, a sauya abu ɗaya kawai kafin a maimaita. Busasshen boris shi ya fi daɗewa a wannan gwaji, amma yana saurin cinyewa idan ya ɗauki kaya.

Saɓani

Masu amfani da boris mai 'ya'yan tangaran na cewa ya fi santsi. Wasu na ganin tazarar ba ta kai kuɗin ba. Ga masu son maye gurbin boris da maganaɗisu kuwa, maganaɗisu marasa lantarki su kaɗai ba sa iya riƙe sanda a sarari, kamar yadda Samuel Earnshaw ya nuna a 1842, shi ya sa ake tokare bakinta da tsinin allura. Batun ƙafar da za ta riƙa juya kanta ba batir kuwa, ya saɓa wa dokar adana makamashi.