Noman gwal da matsalar bot a wasannin onlayin

Noman gwal sana'a ce ta tara kuɗin cikin gem, wanda galibi ake kira gwal, a manyan wasannin intanet, irin waɗanda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya lokaci guda kamar World of Warcraft, RuneScape, Lineage da EVE Online, sannan a sayar wa wasu 'yan wasa da kuɗin gaske, dala ko yuro. Bot kuma manhaja ce da ke buga gem ɗin a madadin mutum, tana kashe dodanni tana saran itace tana haƙar ma'adinai dare da rana ba gajiya ba cin abinci. Kusan duk kamfanonin da ke da waɗannan wasanni sun haramta abubuwan biyu a cikin doguwar ƙa'idar nan da kowa ke danna ya yarda ba tare da ya karanta ba, amma sama da shekara ashirin kenan ana fama kuma har yau harkar na nan daram.

Dalilin da ya sa akwai kasuwa

An gina irin waɗannan wasanni ne a kan cin lokaci. Kafin ka samu sulke mai kyau ko abin hawa mai sauri sai ka maimaita aiki ɗaya na sa'o'i masu yawa. A World of Warcraft misali, lokacin da aka faɗaɗa wasan a 2007, koyon hawan dabba mai tashi sama da sauri gwal 5,000 ne, wanda ga mai aikin ofis da iyali makonni ne na wahala. To ga mutum a Amurka ko Jamus yana da kuɗi ba shi da lokaci, ga wani a wata ƙasa yana da lokaci ba shi da aikin yi, ai dole ciniki ya ƙullu ko kamfani ya so ko bai so ba. Duk wanda ya manta da wannan tushen to ba zai gane me ya sa rufe akawun miliyan bai taɓa kashe harkar ba.

Yadda abin ya faro

Tun zamanin Ultima Online da ya fito a 1997 da EverQuest na 1999 mutane suka fara sayar da gidaje da takubban cikin gem a shafin saye da sayarwa na eBay. A Koriya ta Kudu ma haka aka yi da Lineage da ya fito a 1998. A 2001 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Castronova ya lissafa darajar abin da 'yan EverQuest ke samarwa, ya ce in da ƙasa ce, abin da kowane mutum ke samu zai sa ta tsakanin Rasha da Bulgeriya. Daga nan manyan dillalai suka shigo, mafi suna shi ne kamfanin IGE wanda Brock Pierce na cikin waɗanda suka kafa shi, har bankin Goldman Sachs ya shiga cikin masu zuba masa jarin dala miliyan 60 a 2006. A farkon 2007 eBay ya hana sayar da irin waɗannan kaya, sai cinikin ya koma shafukan dillalai kawai.

Fitowar World of Warcraft a Nuwamba 2004 ita ta mai da abin masana'anta, musamman a Sin. A 2008 Richard Heeks na Jami'ar Mancesta ya ƙiyasta mutum kusan 400,000 ke wannan aiki a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a Sin, suna samun kamar dala 145 a wata. Ɗan jarida Julian Dibbell da ya ziyarci irin waɗannan shaguna ya bayyana a 2007 yadda ya ga samari suna aikin awa 12 a rana, ana karɓa-karɓa da masu aikin dare, a kan kusan santi 30 a awa. Lissafin da ya kawo ya isa a gane wa ke cin riba: gwal 100 ana biyan ma'aikaci kamar dala 1.25, mai shago ya sayar wa dillali dala 3, dillali ya sayar wa ɗan wasa a Turai ko Amurka har dala 20. Akwai ma mafi muni, a 2011 jaridar Guardian ta buga labarin wani tsohon fursuna da ya ce a sansanin gwale-gwale na Jixi a lardin Heilongjiang ana tilasta wa fursunoni buga gem da daddare bayan aikin ƙarfi na rana, wanda bai cika adadin da aka ɗora masa ba a yi masa duka.

Bot da ɓarnar da yake yi

Ya kamata a raba mutum mai noma da hannunsa da kuma bot, don ba ɗaya ba ne duk da ana yawan haɗa su. Bot iri-iri ne. Akwai mai sauƙi da ke kallon launi a sikirin yana danna wuri, akwai mai shiga cikin manhajar gem ɗin kai tsaye yana karanta inda komai yake, akwai kuma wanda ba ya ma buɗe hoton wasan, saƙo kawai yake aika wa sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan, kamar shi ɗan wasa ne, irin wannan kwamfuta ɗaya sai ta ɗauki akawun da yawa.

Ɓarnar farko hauhawar farashi ce, gwal ya yi yawa a gari sai kayan da ba a samu da sauƙi su yi tsadar da mai wasan gaskiya ba zai iya ba, su kuma kayan da bot ke tarawa kamar itace da kifi su faɗi warwas, sabon shiga da ya dogara da su ya rasa abin yi. Sai cika wuraren farauta, ka je ka tarar da ashirin masu suna barkatai suna tafiya iri ɗaya. Sai tallan da ke cika wurin hira, har an taɓa jera gawarwakin mutanen cikin gem a tsakiyar birni a World of Warcraft aka rubuta adireshin shafin sayar da gwal da su. Amma abin da ya fi ci wa kamfanoni tuwo a ƙwarya shi ne sata. Gwal mai yawa da ake sayarwa ba nomawa aka yi ba, kutse aka yi wa akawun ɗin mutane aka kwashe, kuma ana biyan kuɗin rajistar bot da katin banki na sata, in mai katin ya kai ƙara banki ya karɓe kuɗin daga kamfanin gem har da tara.

Hanyoyin da aka bi

Ta farko ita ce ganowa da rufewa. Blizzard, kamfanin da ke da World of Warcraft, na da manhajar Warden da ke duba ko akwai wani abu da ke taɓa gem ɗin, wasu kuma suna nazarin motsin linzami da tsawon lokacin da akawun ke yi ba hutu. Galibi ba a rufewa nan take, ana tarawa ne a rufe lokaci guda, saboda in ka kama yau-yau mai rubuta bot zai gane abin da ya tona shi ya gyara gobe. A 2009 kamfanin CCP na Aisland ya rufe akawun kusan 6,200 a EVE Online, kamar kashi 2 cikin ɗari na 'yan wasa, sai nauyin da ke kan sabar ya ragu da kusan kashi 30, wannan kaɗai ya nuna irin cin da suke yi. Blizzard ya dakatar da sama da 100,000 a Mayun 2015, ya sake rufe sama da 74,000 a Yunin 2020, Amazon kuma ya ce ya rufe sama da miliyan ɗaya a Lost Ark a Maris 2022. Matsalar ita ce a gem ɗin da shigarsa kyauta ne, buɗe sabon akawun minti biyu ne.

Ta biyu kotu. Blizzard ya yi shari'a da MDY Industries masu bot ɗin Glider, wanda aka sayar da sama da 100,000 a kan dala 25 kowane, a 2008 aka yanke diyyar dala miliyan 6, a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce amfani da bot ba satar haƙƙin mallaka ba ne amma kauce wa Warden ya saɓa doka. A 2017 wata kotu a Kalifoniya ta ci kamfanin Bossland na Jamus, masu bot ɗin Honorbuddy, sama da dala miliyan 8.5. Koriya ta Kudu ita doka ta yi a 2012 da ta hana tara kayan gem da bot don kasuwanci.

Ta uku ita ce canza gem ɗin kansa, kuma a nan labarin RuneScape ya fi kowane darasi. Tsakanin Disamba 2007 da Janairu 2008 kamfanin Jagex na Kambirij a Ingila, mai wannan gem, saboda matsalar katunan sata, ya hana cinikin da ba daidai ba tsakanin 'yan wasa, wato ba za ka iya ba wani kyauta mai tsoka ba ko da ƙaninka ne, ya kuma cire kashe juna a kwashe kaya a dajin da ake kira Wilderness. Masu sayar da gwal sun ji jiki kam, amma masu wasan gaskiya sun fi jin jiki, aka yi ta zanga-zanga a cikin gem, da yawa suka tafi. Gaskiya wannan hukunta mai gida ne saboda laifin ɓarawo. Sai da aka yi ƙuri'a, sama da mutum miliyan ɗaya suka jefa kuma kusan kashi 91 suka ce a dawo da yadda ake da, aka dawo da shi ranar 1 ga Fabrairu 2011. Bot suka dawo da ƙarfi, a Oktoban shekarar Jagex ya saki wani gyara da ya ce ya karya kashi 98 na bot, kuma bayan wasu watanni masu rubuta su suka sake samo hanya.

Ta huɗu, kamfani ya shiga kasuwar da kansa. CCP ya fara da PLEX a 2008, Jagex ya kawo Bond a 2013, Blizzard ya kawo WoW Token a Afrilu 2015 a kan dala 20. Tsarin ɗaya ne, ka sayi tikitin wasa da kuɗin gaske ka sayar wa wani ɗan wasa da gwal, kai ka samu gwal ba tsoron a rufe ka, shi ya samu ƙarin lokacin wasa bai taɓa aljihunsa ba. Ya rage wa dillalai kwastoma sosai amma bai kore su ba tunda su kullum suna karya farashi, kuma 'yan wasa da yawa na ganin halatta abin da aka ce haram ne kawai aka yi don kuɗin ya shiga aljihun kamfani. A Diablo III an wuce gona da iri, aka buɗe kasuwar gwanjo ta kuɗin gaske a 2012, saye ya fi wasa sauƙi har daɗin gem ɗin ya tafi, Blizzard ya rufe ta a Maris 2014.

Benezuwela

Daga wajen 2017, da kuɗin ƙasar Benezuwela ya lalace saboda hauhawar farashi, mutane da yawa suka koma Old School RuneScape, tsohon gem da ke tashi a tsohuwar kwamfuta da intanet mara ƙarfi. Kashe korayen dodanni na wasu sa'o'i a sayar da gwal ɗin da dala ya fi albashin wata na wasu ma'aikata. Lokacin da wuta ta ɗauke a kusan duk ƙasar a Maris 2019 sai da aka ga alamarsa a farashin kaya a cikin gem ɗin. Abin takaici shi ne yadda wasu 'yan wasa suka mai da farautarsu a cikin gem abin nishaɗi har da zagin ƙabilanci, kamar yadda aka yi wa 'yan Sin shekara goma kafin nan, lokacin da duk wanda bai iya Turanci ba ake ce masa manomin gwal a kore shi daga tawaga. Mutumin da ke neman abincin 'ya'yansa shi ake gani a fili, wanda ya biya kuɗin kuma yana nan cikin tawagar da sabon sulkensa ana yaba masa.

Wasan ƙwallo da batun masu saye

Masu buga FIFA, wanda yanzu ake kira EA Sports FC, sun san wannan harka ta fuskar kwayin ɗin Ultimate Team, wato kuɗin da ake sayen katunan 'yan ƙwallo da shi a haɗa tawaga a cikin gem ɗin. A Maris 2015 kamfanin EA mai gem ɗin ya sa wa kowane ɗan ƙwallo iyakar farashi sama da ƙasa, don a daina sayen kati mara daraja da miliyoyi a matsayin hanyar miƙa kwayin. A 2021 jami'an tsaron Yukren sun kai samame wani sito a Binnitsiya suka tarar da PlayStation 4 kusan 3,800, da farko an ce haƙar kirifto ake yi, daga baya rahotanni suka nuna bot ne ke buga FIFA suna tara kwayin.

Shekaru da yawa hukuncin mai saye bai wuce gargaɗi ko dakatarwar kwana kaɗan ba, don shi kwastoma ne mai biyan kuɗin wata, kamfani ba ya son rasa shi. Daga baya ne aka fara taɓa wannan ɓangaren da gaske, ana kwashe gwal ɗin da aka saya ana rufe masu maimaitawa. A Fabrairu 2024 Blizzard ya hana wani tsari da ake kira GDKP a ɗaya daga cikin nau'o'in World of Warcraft Classic, tsarin da tawaga ke gwanjon kayan da ta samu da gwal sannan a raba kuɗin, saboda ta nan gwal ɗin saye ke shiga ya wanke ya bazu a hannun mutanen da ba su taɓa sayen ko ɗaya ba.