Waiwaye: Yadda santsin dutse ya zama shaida a rigimar ruwan asid

Duk wanda ya taɓa zamewa a kan dutse cikin ƙorama ya taka dayatom bai sani ba. Wannan santsi ruwan ƙasa-ƙasa tarin ƙananan halittu ne dangin gansakuka, kowace ƙwaya ɗaya tak, tana zaune cikin ƙwanson silika, sinadarin da ake gilashi da shi. Kowane jinsi da irin zanen ƙwansonsa, kuma ko halittar ta mutu ƙwanson ba ya saurin ruɓewa.

Ma'aunin tsami na pH ya fito a 1909 daga hannun Sørensen, masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark. A ƙarshen shekarun 1930 ne Bajamushe Friedrich Hustedt, bayan ya yi nazarin samfura daga Java da Bali da Sumatra, ya raba dayatom gida biyar, tun daga masu son ruwa mai kanwa-kanwa har zuwa waɗanda sai cikin tsami suke yalwa. A lokacin aikin masana ne kawai, babu wanda ya damu.

Sai kifi ya fara ƙarewa a kogunan Norway da tabkunan Suwidin. A 1967 Svante Odén, masanin kimiyya ɗan Suwidin, ya ɗora laifin a kan hayaƙin kwal da iska ke kwasowa daga Birtaniya da tsakiyar Turai, wanda ke sa ruwan sama ya yi tsami, wato ruwan asid. Masu musu suka ce ai ruwan tsauni dama can da tsaminsa. To, wa ya auna shi shekaru ɗari baya? Babu. Nan aka koma ga ƙwanson dayatom da ke jibge hawa-hawa cikin lakar ƙasan tabki. A farkon shekarun 1980 masu bincike 'yan Birtaniya, Roger Flower da Rick Battarbee, suka haƙo lakar tabkunan Galloway a Sikotilan, suka nuna cewa tsamin ya soma ƙaruwa ne tun zamanin masana'antu. A wasu wuraren pH ya sauka da kusan maki ɗaya, wato tsamin ya ƙaru kusan ninki goma ke nan.

Ƙorama ta fi wuyar sha'ani, domin ruwa mai gudu ba ya ajiye laka. Sai dai a ɗauko dutse a kankare shi da buroshin haƙori, a wanke cikin kwalba, a ƙirga ƙwanso ɗari uku ko fiye a ƙarƙashin madubin bincike. Inda dutsen ƙasan wurin giranit ne, babu farar ƙasar da za ta kashe kaifin asid. Da ƙanƙara ta narke ko aka yi mamakon ruwa, tsami kan tashi cikin sa'o'i, ya narko alminiyam daga ƙasa. Mai awo zai iya zuwa washegari ya tarar komai lafiya, amma dayatom sun riga sun ji a jikinsu. Jinsin Achnanthidium minutissimum da ba ya jure tsami sai ya ja baya, dangin Eunotia masu son tsami su cika wurin, yawan jinsuna ya ragu.

Bayan yarjejeniyar Janiba ta 1979 kan gurɓacewar iska, hayaƙin farar wuta da ke haddasa ruwan asid ya ragu ƙwarai a Turai. Birtaniya ta fara bibiyar ƙoramu da tabkunanta na tsauni a 1988, an kuma ga jinsunan da suka gudu suna dawowa, amma da tafiyar hawainiya. A wurare da dama haɗin jinsunan da ake gani yau bai koma irin na kafin 1850 ba.