Warin fetur a motar a-kori-kura

Warin fetur a motar a-kori-kura alama ce ta ɗayan abu uku: ko mai na yoyo, ko tururinsa na fita ta inda bai kamata ba, ko inji na shan man da ya fi ƙarfin ƙonawarsa. A Kaduna makanikai na cin karo da shi a tsofaffin Peugeot 404 da 504, irin waɗanda masana'antar Peugeot ta unguwar Kakuri da ta fara aiki a 1975 ta harhaɗa, da kuma Toyota Hilux mai shan fetur. Direbobi da yawa na ɗaukarsa halin tsohuwar mota ne. Ba haka ba ne: motar da ke lafiya ba ta warin mai.

Haɗarinsa

Ruwan fetur ba shi ne ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, don haka yakan kwanta a ƙarƙashin mota da cikin ramin gareji, kuma idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga kan batir ko guntun sigari ya isa. Shaƙarsa na kawo ciwon kai da jiri, sannan akwai sinadarin benzin a ciki, wanda ke da alaƙa da sankarar jini ga mai yawan shaƙa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ɗigon da a da ake raina shi ya zama asara mai ciwo.

Gano inda yake fitowa

Makanikin kirki yakan fara da tambaya kafin ya ɗauki sufana: yaushe ake jin warin, kuma ta wane ɓangare? Rabin aikin yana cikin amsar.

Idan sai an cika tanki ake jinsa, a duba murfin tankin, domin robarsa na bushewa ta tsattsage. In murfin lafiya, sai tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tankin, ko zoben robar da famfon mai ke zaune a kai. A nan ne ƙirar a-kori-kura ke wahalarwa. A yawancinsu tankin yana ƙarƙashin bodin kaya, a jikin shasi, inda ido ba ya kai wa samansa. Ƙurar hunturu da taɓon damina na taruwa a can su riƙe laima, tsatsa ta ci ƙarfe a ɓoye, jijjigar hanyoyin ƙauye da nauyin buhuna kuma su sassauta mahaɗai. Sau da yawa ba a ganin ɗigo a ƙasa sam, domin man ya ƙafe kafin ya sauko. Abin da ake nema shi ne tabo mai duhu, ko wurin da ƙura ta jiƙe ta manne.

Idan warin na tashi ne yayin da inji ke aiki, ya fi ƙarfi a gaban mota, to bututun mai ne, ko filta, ko ƙananan zobunan roba na injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji. Motar kafireta, wato tsohuwar na'urar da ke gauraya mai da iska, na tura mai da ƙaramin ƙarfi, amma mai injekta na tura shi da matsin da ya kai kusan 3 a ma'aunin matsi na "bar", don haka ƙaramar tsaga takan yi feshi, kuma a kusa da salansa mai zafi. Wannan shi ne mafi muni, bai kamata motar ta ƙara ko taku ɗaya ba. A tsohuwar Peugeot, kafireta ce takan cika ta tumbatsa idan allurar da ke tsayar da mai ta ci ko datti ya maƙale mata, abin da man bumburutu mai ƙazanta ke jawowa.

Warin da ke zuwa da baƙin hayaƙi, da shan mai fiye da kima, da fulogi masu baƙi, daga salansa yake: inji bai ƙone man duka ba. In aka zaro sandar auna baƙin mai aka ji tana warin fetur, to injekta ko famfon da ke jikin inji na zubar da shi ciki.

Sai kuma warin motar da ke ajiye a rana, musamman a zafin Maris da Afrilu. Sababbin motoci na da gwangwanin gawayi da ke tsotse tururin tanki ya mayar wa inji. Ɗabi'ar jijjiga mota a gidan mai don a ƙara cusa lita ɗaya ita ke kashe shi, saboda ruwan fetur na malala ciki. A motocin da ke karɓar na'urar bincike, lambobin P0442 da P0455 na nuna yoyon tururi, P0172 kuma yawan mai a inji. Kafin duk wannan, a tabbata ba jarkar da aka ɗauko a baya ce ta zuba ba.

Gyara

Ana aikin a fili mai iska, inji ya huce, an cire wayar batir, an sauke matsin bututun, da tukunyar kashe gobara a kusa. Murfi da zobunan roba sauya su ake yi. Tiyo kuwa dole ya zama wanda aka yi don fetur. A kasuwar Panteka ta Kaduna ana samun iri-iri, kuma tiyon ruwa ko na kafireta da aka sa wa mai injekta yakan kumbura ya fashe. Don kai wa saman tanki, ko a sauke shi, ko a kwance kusoshin bodin a ɗaga, wanda wasu makanikai suka fi so idan tankin cike yake.

Goga sabulu a ramin tanki dabarar kan hanya ce, ta kai mota gareji kawai. Walda a tankin fetur kuwa ta ci rayuka, domin tankin da aka juye man cikinsa cike yake da tururi; in tsatsa ta huda shi, sayen wani ya fi. Bayan gyara ana wanke wurin ya bushe, a tayar da inji a duba kowace mahaɗa da tocila, sannan a cika tanki a sake dubawa washegari.