Waiwaye: Wa ke riƙon yara idan aure ya mutu?

Duk wanda ya taɓa zama a kotun Musulunci a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san tabbatar da saki ba ya cin lokaci. Dogon zancen yana kan yara. Mace ta miƙe ta ce, "Allah ya gafarta Malam, tun da ya ba ni takardata ya hana ni ganin 'ya'yana." Namiji ya ce jininsa ne, ba zai bari a kai masa su agolanci gidan wani ba. Da yawa daga cikin mazan da ke faɗin haka sukan sha mamaki idan alƙali ya buɗe littafi.

Hukuncin da ke cikin littafin ya samo asali tun zamanin sahabbai. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta tare shi, suka yi ta ja har gaban Halifa Abubakar, shi kuwa ya ce wa Umar ya bar mata yaron. Umar bai ƙara cewa uffan ba.

A kan irin wannan tushe malaman Malikiyya suka gina babin hadana, wato haƙƙin riƙon yaro da renonsa, wanda ke cikin Risala da Muhtasar da Tuhfa, littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ƙarnuka suna hukunci da su. Uwa ce gaba da kowa: tana riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwa ta faɗi daga layi, sai uwarta, sai 'yar'uwarta. Sai an zagaye dangin uwa sannan a zo kan ɓangaren uba. Amma haƙƙin yana da sharuɗɗa: hankali, amana, lafiya, da wurin zama mai tsaro. Yana kuma saraya idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ta tare, ko idan uban zai yi ƙaura ta dindindin zuwa nisan baridi shida, tafiyar da ta haura kilomita 100. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uba ko a hannun wa yaron yake, kamar yadda walicci yake nasa. Wannan rabon aikin shi ne abin da aka fi kasa ganewa a gidajenmu, inda ake ɗauka mai ciyarwa shi ne mai riƙo.

Al'ada ta bi wata hanya daban. Mai goyo takan fita da jaririnta, amma da an yaye shi sai uba ya aiko a ɗauko, a damƙa wa kishiyar uwa ko gwaggo ko kaka. Iyayen macen ma sukan ce ta miƙa masa kayansa ta huta, don bazawara mai yara uku ba ta cika samun manema ba.

Kotunan su ne suka yi ta sauya riga. Turawa sun bar alƙalai a kan buzayensu ƙarƙashin tsarin En'e. A 1956 aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a Jihar Arewa, a 1960 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta maye gurbinta, wadda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Gwamnatin soja ta rushe kotunan sarakuna a ƙarshen shekarun 1960 ta kawo kotunan yanki. Da Zamfara ta buɗe ƙofar faɗaɗa shari'a a 1999, wasu jihohin suka sake musu suna. A duk wannan juyi ba wanda ya taɓa babin hadana, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya bar batun kula da ƙananan yara cikin hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a.

Akwai wani rafin da ya gangaro daga Ingila. A can, uba ne ke da cikakken iko a kan 'ya'ya har 1839, lokacin da fafutukar wata marubuciya mai suna Caroline Norton ta sa aka ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara bakwai ba. A 1925 suka ce maslahar yaro ita ce gaba da komai. Wannan ƙa'ida ce ta shiga sashe na 71 na dokar auren rajista ta Najeriya ta 1970, sannan Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta tanadi kotunan iyali. Jihohin Arewa sun daɗe suna ja da baya da ita, galibi saboda batun shekarun aure. Kano sai a watan Mayun 2023 Gwamna Ganduje ya sa hannu a kan tata, bayan an yi mata gyare-gyare.

A ganina matsalar tana nan inda take tun farko: yawancin rigingimun ba sa zuwa gaban alƙali, a zauren mai unguwa ko ofishin Hisbah suke ƙarewa, ko kuma mace ta haƙura ta bar wa Allah. Wadda ta daure ta je ta yi nasara, takan koma da takardar kuɗin ciyarwa da ba su isa komai ba, uban ya biya wata biyu ya ɗauke ƙafa. Daga nan da kanta take mayar masa da yaran da kotu ta ba ta. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi yunƙurin a tattara hukunce-hukuncen aure da saki da ciyarwa cikin rubutacciyar doka guda a Kano. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan sharaɗin ƙarin aure, babin yara bai samu masu sauraro ba, har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba.