Harbi daga kan tebur da raifil mai cin harsashi ɗaya: tambayoyin da na gaji da amsawa

Kusan duk wanda ya mallaki raifil mai cin harsashi ɗaya, ko Ruger No. 1 ce, ko Handi-Rifle ta kamfanin H&R, ko Baikal ta Rasha, kukansa ɗaya ne: yau harsasai sun taru wuri guda a takarda, gobe sun watse kamar an zuba wa kaji tsaba. Na amsa har bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta.

Bindigar ce ba ta da kyau?

Da wuya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na bindiga.

Zan iya ɗora bututun a kan katako ko bulo?

A'a. Bututu yana karkarwa sa'ad da harsashi ke ratsa shi, in ya taɓa abu mai tauri sai ya yi tsalle, harbin ya tafi sama. Buhun yashi biyu kake bukata, babba a gaba ƙarƙashin katakon gaban bindigar, ƙarami a baya ƙarƙashin gindin bindigar. Ƙafar tsohon wando ma ta isa, ka cika ta da yashi ka ɗaure. Tebur kuma in yana rawa, tattara kayanka ka koma gida.

A ina zan ɗora katakon gaba, kuma in riƙe shi ko in sake shi?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Irin waɗannan bindigogi katakonsu biyu ne, na baya daban, na gaba daban. A masu karyewa tsakiya kamar Handi-Rifle, katakon gaba a jikin bututun yake ɗaure. A Ruger No. 1 yana rataye ne a wani ƙarfe da ya fito daga jikin bindigar ƙarƙashin bututu, amma duk da haka yakan taɓa shi. Ma'ana, duk nauyin da ya hau katakon yana iya isa bututun. Ka ɗora buhu a can ƙarshe ka harba, ka ja shi baya ka sake harbawa, ka canza matsin da ke kan bututun ke nan, harsashi kuwa ba zai faɗa wuri ɗaya ba. Yawanci sama da ƙasa za ka ga sun jeru.

Abin da na fi ganin yana aiki shi ne a matso da buhun gaba zuwa baya, kusa da gaɓar da bindigar ke karyewa. Na ce yawanci. Na taɓa zama da wata da ta ƙi haka ƙememe, sai da buhun ya koma tsakiyar katakon ta natsu. Don haka gwada wuri uku, harsashi uku-uku, wanda ya fi tara su ka manna ɗan salatif a wurin, kada ka sake kaucewa daga kansa. Ka kuma duba ɗan ƙarfen da ake maƙala maratayi. In yana kama buhu lokacin da bindigar ta ja baya, shi kaɗai ya isa ya ɓata maka yini. Ni ya taɓa cinye mini kwalin harsashi guda kafin in lura da shi, ina ta zagin madubin saiti da ke kan bindigar.

Batun riƙo kuwa ya danganta. Mai ƙaramin harsashi irin .223 ko .243 za ka iya sakin gabanta, hannun hagu ya koma yana matsa buhun baya don daidaita saiti. Amma bindiga mai nauyin kilo 3 da 'yan kai da ke cin babban harsashi irin .45-70, in ka sake ta za ta ɗaga kai daga buhu, kowane harbi da irin tsallensa. Wannan riƙe ta za ka yi, ka jawo ta cikin kafaɗa, ba tare da ka danna ta ƙasa ba, yatsunka kuma kada su hau bututu. Akwai masu cewa mafarauci ya riƙe ko da wace iri ce, tunda a daji riƙewa zai yi, kuma inda harsashi ke faɗawa yakan ɗan bambanta tsakanin riƙo da saki. Ina ganin suna da gaskiya, ko da yake ba kowace bindiga ke nuna bambancin ba. Wanda ka zaɓa dai, shi za ka maimaita. Har rufe ta ma da ƙarfi ɗaya za ka riƙa yi, ta kulle sosai, kuma ka goge mai daga maƙullin.

Harsashi nawa zan harba a jere?

Uku, ka huta. Siririn bututu saurin zafi gare shi. In ba ka iya riƙe shi da tafin hannu, buɗe ta ka jira. Ai kai mafarauci ne, harbin farko da bututu mai sanyi shi ne naka.

Na harba ɗaya bai shiga tsakiya ba, in murɗa madubi?

Haba Malam. Sau nawa zan faɗa? Ba a bin rami ɗaya. Harba uku, nemi tsakiyarsu, daga nan ka auna. Yawancin madubai kowane ƙas ɗaya da ka ji in ka murɗa yana matsar da harbi kimanin milimita 7 a nisan mita 100, wasu kuma santimita 1 cif, an rubuta a kan murfin. In tsakiyar ta sauka da santimita 6, ƙas takwas ke nan a na farko, shida a na biyu.

Ina jin kamar ina rufe ido kafin ta tashi. Na lalace ke nan?

Ba ka lalace ba, ɗan'uwa, kowa ya taɓa yi, har masu musantawa. Jiki ne ke gudun ƙara da duka. Sa abin toshe kunne, ka zauna a miƙe don kafaɗa ta samu wurin ja da baya. Ka ba abokinka ya riƙa ɗura maka ba ka gani, wani lokaci harsashi, wani lokaci na roba da ake gwaji da shi. Ranar da ka matsa kunama a kan na roba ka ga bakin bindiga ya duƙa, ka kama ɓarawonka. Saki numfashi, tsaya, matsa kunama a hankali, kuncinka ya zauna a katako har bayan ta tashi. Bindigogin da ƙarfen da ke dukan bayan harsashi yake a waje suna ɗan jinkiri tsakanin matsawa da tashi, kuma a wannan ɗan tsakanin ake yin ɓarnar.

In wanke bututu kafin gwaji?

In ka wanke, harba ɗaya ko biyu a gefe tukuna. Bututu mai mai yakan kai na farko wani wuri daban.

Wannan zai yi aiki a harba-ka-ruga?

Cikin bututunta sumul yake, babu zanen da ke juya harsashi. Wata magana ce daban.

Ina zan yi gwajin?

Inda doka ta yarda, da lasisinka a aljihu, da tudun ƙasa a bayan takardar. Kuma kafin kowa ya taka zuwa duba ramuka, bindiga a buɗe, babu komai a cikinta, an ajiye ta a kan tebur.